Gefen Takardar Delu

Talata, 8 ga Afrilu 2025

Walid ya zo. Ɗan ƙanena Audu, yaron da na goya har ya yi mini fitsari a zanen salla. Yanzu ya dawo daga Yamai da gemu gyararre da turaren da ke riga shi shiga ɗaki. "Tanti" yake ce mini. Na ce ni gwaggonka ce, Tanti tana Abijan. Ya yi dariya, ya ci gaba da Tantinshi.

Otal ɗin da ya gina bakin babbar hanya nan Madawa ya kusa buɗewa, wai shina son bango guda na tarihi. Abin da yake nema tsofaffin takardun gona ne, waɗanda marigayi Iro ya sa wa hannu. Iron mulkin kai, depiten farko na yankinmu, wakilinmu a majalisa, wanda munka tsaya cikin rana muna yi wa waƙa muna 'yan lakkwal, yaran makaranta. A shekarun farko shina yawo ƙauye-ƙauye da mai buga mishi injin rubutu, in ya raba gardamar gona sai ya ba mai gaskiya takarda. Wai yanzu manya na rububin irin su, su rataya a falo. Walid Faransancinshi na salula ne, ba ya gane rubutun da. Aikina in duba in ce wagga ta gaske ce ko a'a.

Na ce sai na yi shawara. Ƙarya nake, kafin ya tada mota na riga na nemo tabarauna. Tun da na aje alli zaman gida ya ishe ni.

Litinin, 14 ga Afrilu

Ƙauyukan Buza. Zafi, duwatsu, ƙugu kamar ya rabu biyu.

Ga yadda Walid yake yi. Shina da injin fotokopi a bayan mota. In na ce takarda ta gaske ce, sai ya buga wata mai launi, ya rufe ta da roba tana ƙyalli, ya miƙa wa mai gida, ya ƙara da buhun shinkafa ko 'yar salula. Shi kuma ya sa tsohuwar a jaka. "Baba, wagga ruwa ba ya taɓa ta, gara ba ta cin ta." Su kuma har da godiya, har da raka mu mota.

Amma yadda suke ajiye takardun, tir! Wata a cikin tsumma ƙarƙashin shimfiɗa, wata a saƙale a rufin ɗakin girki ta yi baƙi ƙirin. Sa hannun mutumin da ya tsaya gaban Nasara, ga shi da kashin ɓera. Na dawo na wanke hannu da sabulu har fata ta yi zafi.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Gudawa. Ruwan ƙauyen jiya ne, na sani.

Talata, 22 ga Afrilu

Yau mun hau wajen Keita, wani gari da ake ce wa Kwaren Gawo. Anka kai mu gidan wata tsohuwa, Delu. Mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune da ɗanta Illa da iyalinshi. Gona guda gare su, ita ke ci da gidan duka.

Ta sa Illa ya hau rumbu ya sauko da gorar iri. A cikin gerin shuka take ajiye ta! Ta zura hannu har gwiwar hannu ta jawo wani ƙunshin fatar akuya, ta warware a kan cinyarta. Warin man shanu da hayaƙi ya buge ni, sai da na kai gefen mayafi hanci. Ta gani.

Ban taɓa ganin sa hannun Iro mai kyau kamar wanga ba. Cikakke, da tampo, hatimin hukuma, a gefenshi, tawadar ba ta koɗe ba. Bakina ya riga hankalina, na ce da Faransanci wagga ita ce uwarsu duka. Idon Walid ya yi wal.

Sai dai gefen takardar, zagaye, duk dangwale-dangwalen yatsu ne baƙaƙe masu maiƙo, kusurwa ɗaya kuma a ƙone. Na ce, "Yaya Delu, wa ke taɓa ta da hannun tuwo?"

Ta ce ba hannun tuwo ba ne. Wai gonar fako ce a da, ko akuya ba ta tsayawa. Lokacin furoje, aikin gyaran ƙasa, ita da mata sunka yi ta ɗaukar duwatsu a ka suna jerawa, har ƙasa ta zauna, gawo ya fito. Tun kafin nan gidan su wani Alhaji Bashiru, mai fataucin albasa, suke cewa kakansu ne ya ba da ta aro, da gonar ta yi kyau kuma sai abin ya ƙara zafi. Duk sadda sunka tada maganar sai a fito da takarda gaban dattawa. Ba mai karanta ta a cikinsu, duba ta suke kamar fuskar mutum. In an gama, maigari ya shafa baƙin tukunya da man shanu a babban yatsa ya dangwala a gefe, wanda anka kayar ma ya dangwala. Ta bi su da farce tana kiran sunaye, wane, wane, duk matattu sai ɗaya. Ƙunar kuma ta shekarar da rumbu ya kama wuta ce.

Kuma kowace damina sai an zuba iri a kanta kafin a kai gona. Ragowar al'adar anna ke nan, ga carbi a hannu.

Walid ya fito da mai ƙyalli. Ta juya ta gaba da baya ta miƙa mishi. "Ɗana, wagga ba ta san kowa ba."

Duk hanya shina tsaki. Ni ma raina ya so ta, ba zan ɓoye ba.

Asabar, 26 ga Afrilu

Galma. Ba mu samu komai ba sai wata takardar haraji da wani ya rantse ta Iro ce.

Laraba, 30 ga Afrilu

Walid ya samo ta. Ta Delu.

Ban je ba, shi kaɗai ya koma. Ya bari sai da ta tafi suna wani gari, ya zauna da Illa. Ban tambayi abin da ya ba shi ba, amma an ce an ga Illa da sabon moto mai ƙafa biyu. Illa ya naɗe mai robar cikin fatar akuya ya maida cikin gora yadda take.

Na ce, "Walid, uwar ta ce a'a." Ya ce, "Tanti, ai rubutun ɗaya ne, har ya fi fitowa." Ni ma shekara da shekaru abin da na koya wa yara ke nan: abin da ke rubuce shi ne magana.

Tuwon dare bai shiga ba. Zafi ne.

Juma'a, 9 ga Mayu

Buɗe otal. Na sa leshina mai ruwan goro.

Manya sun zo, an ci kaza, an sha lemo, wani ya yi jawabi a kan gadon kakanni shina sakace haƙori. Sai anka yaye ƙyalle daga bango. Takardu jere cikin gilashi, fitila na haska kowace. Ta Delu a tsakiya.

Da farko ban gane ta ba. Fes, a miƙe, kamar an yi mata guga. Na matsa kusa na gyara tabarau. Babu yatsa ko ɗaya. Babu ƙuna. An yanke gefen duka huɗu, an bar rubutun da sa hannun kawai. Na duba sauran, duka haka.

Na jawo hannun rigar Walid na ce ina gefen? Ya ce, "Dattin? Mai gilashi ya gyara. Ai ba a rataya ƙazanta inda baƙi ke cin abinci." Sai ya juya ya tsaya gabanta ana ɗaukar shi hoto, ya ɗora yatsa a gilashin shina murmushi.

A'uzubillahi. Na fita na tofar da yawu bayan wata mota. Dattin. Kalmata ce kuwa, ni na fara faɗinta a mota ranar Buza.

Litinin, 12 ga Mayu

Hoton ya zaga salula. Har jikata ta nuna mini.

Alhamis, 15 ga Mayu

Da hantsi ina tsince shinkafa anka yi sallama. Illa ne, moton a ƙofar gida, fuska kamar wanda anka tono.

Alhaji Bashiru ya ga hoton. Washegari ya je gaban maigari ya ce shina son gonar kakanshi kafin ruwa ya sauka. Delu ta ce a sauko da gora, hankalinta kwance, ba ta sani ba. A gaban dattawa ta warware fata sai ga roba na ƙyalli.

Illa ya ce ba ta yi kuka ba. Kallonshi kawai ta yi.

Maigarin, Maiguwa, tsoho ne, idonshi ya yi hazo. Ya shafa robar ya sansana ya ce, "Ba mu san wagga ba." An ba su zuwa bayan layya. In takardar da gari ya sani ba ta dawo ba, Alhaji ya shuka gonar bana. Kuma kowa ya san wanda ya shuka sau ɗaya, fitar da shi sai Allah.

"Madam, ke kinka ce ta gaske ce. Ki gaya musu ɗaya ce."

Na ce kai, tashi ka ba ni wuri, ɗan banza mai saida uwa da moto. Na zage shi tas. Ya sunkuyar da kai ya sha. Da ya tafi na ga ban ba shi ko ruwa ba, daga Keita, cikin wanga zafi.

Bai san an yanke ta ba. Ban iya gaya mishi ba.

Juma'a, 16 ga Mayu

Na je wurin Walid bayan masallaci. Ofis mai sanyi kamar ɗakin gawa.

Ya ce ciniki ya faɗa, ɗan gidan ne ya ba shi da hannunshi. Ya ce su je meri, ofishin magajin gari, da kwafin, doka ta san rubutu. Na ce doka tana Keita, gona tana Kwaren Gawo, kafin a kira su ofis Alhaji ya yi noman farko. Ya ce to zai aika wa tsohuwar buhu. Buhu! Na ce ka san mi ake nufi da gona guda ga gida guda? Ya ce, "Tanti, kar ki ɗau abin da zafi," idonshi na kan salula.

Na kira ubanshi. Audu ya ce, "Yaya Zulai, yaro na neman na kanshi, kar ki kunyata mu." Mu. Kamar kunyar ba ta riga ta hau bango da fitila ba.

Ƙyama nake ji. Ta yaron, ta uban, ta kazar da na ci.

Talata, 20 ga Mayu

Ko na karɓo ta, mi za ta yi musu? Tsakiya ce tsirara. Maiguwa zai shafa ya ce wagga ma ba mu san ta ba.

Laraba, 21 ga Mayu

Na nemo mai gilashi, bayan tasha. Mutum ne mai ladabi, har ya ba ni kujera. Ya ce shi abin da anka ce ya yi, ya aza ƙarfe ya bi da reza. Na ce ina abin da ka yanke? Ya kalle ni kamar na tambayi ina askin bara.

Wai sharar shagon a kwali yake tarawa. Mai ƙosai ta bakin tasha takan ɗiba ta hura wuta, saura a watsa juji.

Na je wurin mai ƙosai. Ta ce ta hura da wasu, amma masu maiƙon nan sun fi kamawa, wallahi kamar an zuba kananzir. Tana faɗi tana dariya.

Ta nuna mini inda ake watsa saura.

Alhamis, 22 ga Mayu

Zan rubuta wanga sau ɗaya, kuma ba mai gani.

Ni, Zulaihatu, wadda ke korar yaro daga aji in farcenshi da datti, yau na shiga jujin bayan tasha. Na ɗaura tsohon zane, na sa leda a hannu, ledar ta yage tun farko. Ruɓaɓɓar albasa. Hanjin kaza. Ƙunzugun jarirai. Wani abu mai laushi da na taka ban duba ba. Ƙudaje a baki, a ido. Awaki na gefe suna cin kwali, ina korar su ina zagi, don abin da nake nema suke ci.

Na yi amai sau ɗaya, na share baki na ci gaba.

'Yan kabu-kabu sunka taru suna kallo. A cikinsu akwai wanda na koya wa karatu, na gane kunnuwanshi. Ya ce, "Madam, lafiya? Mi ya faɗi?" Na ce mutuncina, in ka gani ka miƙo. Sunka fashe da dariya, ni ma saura kaɗan.

Can ƙarƙashin wani fasasshen bokiti na samu kwalin, ya lotse, rabi awaki sun cinye. Ciki tarkacen gilashi ne da siraran takardu kamar taliya. Gilashin ya yanke ni a yatsa. Na kwashe duka na zuba a buhu, don ba ta Delu kaɗai ba ce, na mutane ne da yawa a cakuɗe.

A gida na shimfiɗa tabarma na baje su. Ashe ba Kwaren Gawo kaɗai ke dangwala yatsa ba. Wasu da tawada, wasu da shuni, wani har da abin da nake zaton goro ne. Na Delu ban sha wuya ba, hancina ya gane su kafin idona: man shanu, hayaƙi, gero. Na samu gefe uku, har da mai ƙunar. Gefen sama babu. Ko wutar ƙosai, ko cikin akuya.

Na yi wanka, na sake, na sake. Har yanzu ina jin jujin a maƙogwaro.

Asabar, 24 ga Mayu

Yatsan ya kumbura. Likita ta yi mini allura tana tambaya ina na sa hannu. Na ce girki.

Litinin, 26 ga Mayu

Hadari ya haɗu gabas, ya watse. Ban taɓa roƙon ruwa ya jinkirta ba sai yau. Allah Ya yafe mini.

Laraba, 28 ga Mayu

Da rana tsaka na shiga otal, baƙi na cin abinci. Na jawo kujera na hau, ni da gwiwoyin nan. Na ciro ta daga ƙusa. Ma'aikatan sun tsaya cirko-cirko, ba wanda ya isa ya taɓa gwaggon mai gida.

Walid ya fito da gudu. "Tanti! Tanti, mi ke nan?" Na ce riƙe mini kujera kar in faɗi. Ya riƙe kuwa, jikinshi ya tuna tarbiyya ko da kanshi ya manta. Da na sauko ya ce a hankali, don baƙi, wai sata ce wagga. Na ce to kira jandarma, ka ce musu matar da ta wanke maka kashi ta ɗauki takarda. Na ɓalle bayan gilashin a kan teburin wani Alhaji, na zare ta, na bar wa Walid katakonshi.

Da yamma Audu ya kira. Ban ɗauka ba.

Asabar, 31 ga Mayu

Kwaren Gawo, a motar kasuwa, tsakanin buhun gishiri da wani rago.

Delu ta rame. Ta amsa gaisuwa a taƙaice. Na buɗe littafin da na matse su ciki na aje gabanta, tsakiyar daban, siraran daban. Ta daɗe tana kallo. Ta ɗauki mai ƙunar ta kai hanci.

Sai ta ce, "Ke ce kinka yi mishi magana da Nasaranci ran nan."

Na ce ni ce.

"Na ga idonshi sadda kinka yi." Shi ke nan. Ba zagi, ba godiya. Da ta zage ni da na fi jin daɗi.

Ta jiƙa ƙaro, ta yanko farin ƙyalle. Mun zauna a inuwar rumbu muna liƙawa, ita na riƙe ni ina daidaitawa, don idona ya fi nata. Inda takardar ta saba naɗewa ya bar layi, guga bai kashe shi ba, layin tsakiya ya haɗu da na gefe daidai. Sama kuwa ƙyalle ne fari, wayam. Ta sa yatsa a wurin ta ce nan surukinta yake, da maigarin da ya ga Iro da idonshi.

Ta ba ni fura a ƙwaryar da ban ga an wanke ba. Na sha.

Illa na rakuɓe bakin zaure. Ba ta kallonshi. Ya saida moton, an ce, ba wanda ya sa shi.

Lahadi, 8 ga Yuni

Layya ta wuce. Gidan Audu ba su aiko da nama ba. Nawa ya ishe ni.

Talata, 10 ga Yuni

An zauna yau, ƙarƙashin gawon ƙofar Maiguwa. Maza a tabarmi, mu mata a baya. Alhaji Bashiru ya zo da babbar riga, har ya sa an kai mishi iri bakin gonar tun jiya.

Delu ta miƙa takardar. Maiguwa ya shafa tsakiyar ya yamutsa fuska. Sai yatsunshi sunka kai gefe. Ya tsaya kan ƙunar. Ya sansana. Ya miƙa wa na kusa da shi, ta zaga hannu-hannu, kowa na gyaɗa kai.

Alhaji ya ce a'a. Wai takardar da anka yanka anka liƙa ba takarda ba ce, wa ya san inda anka tsinto tsummokaran nan? Na ji bakina ya buɗe daga bayan mata: "A juji, Alhaji, ni na tsinto su, ga yatsana." Anka yi dariya, wani ya ce Madam a yi haƙuri. Ban yi niyyar magana ba.

Maiguwa ya ce a matso da Alhaji. Ya kama hannunshi ya aza a gefen ƙasa, kan wani dangwale mai faɗi.

"Wanga nawa ne, shekarar da hwara ta cinye gero. Na kusa da shi na mahaihinka ne, ran da ya ce ya bari har abada. Kana tsaye bayanshi, kai ka riƙe mishi takalmi. In ba nashi ba ne, ka hwaɗi gaban mutane, a kawo Alƙur'ani."

Alhaji ya daɗe shina kallon wurin. Ban so in ji tausayinshi ba, amma mutum ne ke kallon yatsan ubanshi da ke kabari. Ya janye hannu ya ce, "Nashi ne."

Anka kawo tukunya da man shanu. Maiguwa ya shafa a yatsa, ya lalubi gefe, siraran sun cika, kuma ƙaron bai kama su da ƙwari ba. Ya ce ba ya dangwala wa ƙyalle. Ya lalubo tsakiya inda takarda ke da ƙwari ya danna. Daidai kan sa hannun Iro. Sa hannun da ya fi kowane kyau a ƙasar nan. Alhaji ya danna nashi kan tampo.

Sai tsohon ya ce, "Ina mai jujin? Wanda ya kawo shaida shi ma shaida ne."

Na ce ni baƙuwa ce. Na ce ni mace ce. Na ce yatsana da ciwo. Delu ta juyo, karon farko yau, ta ce, "Ɗayan hannun lahiya lau yake."

Man ya yi tsami, tukunyar kuma ta miyar jiya ce. Na dangwala.

Alhamis, 12 ga Yuni

Ruwa ya sauka wajen Keita, an ce har kwari ya kawo. Nan ko ɗigo.

Lahadi, 15 ga Yuni

Illa ya kira da salular wani. Sun shuka. Ya ce ta zuba iri a kan takardar kamar kullum, kuma ta bar shi ya riƙe gorar. Na ce to, sai mi? Ka gaida ta.

Walid ya rataya hotonshi inda ta Delu take. Ya fi dacewa.

Buhun sauran siraran na cikin akwatina, don ɓera, ba don komai ba. Ya sa wa leshina wari. Zan fitar da shi in na samu wuri. Jiya na ɗan baje su, haka kawai, na ware masu shuni gefe guda. Ina jin na tuna gidan, wani mai doguwar katanga wajen Bangi, tsohon da ya raka mu mota shina godiya. Tsakiyarsu na bango har yanzu, kuma kujerar otal ba ta da tsawo sosai.

Albasata ta ƙare. An ce ta kasuwar Bangi ta fi araha, ranar kasuwa mai zuwa zan leƙa.

Baƙin bai fita daga ƙarƙashin farcena ba. Akwai sabulu, ban dai samu lokaci ba.